Kitson Gwaggo na Ƙarshe

Daga Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta riga mu komawa bayan an gama yankan geron bana, a gidanmu na gado da ke wani ƙauye kusa da Korgom. Ta yi sallar azahar a zaune, ta ce a miƙo mata ruwa, kafin a kawo ta cika. Ina Tasawa aka buga mini waya. Kafin ɗan kabu-kabu ya ratsa yashi ya kai ni a babur ɗinsa, maza sun dawo daga maƙabarta.

Na tarar da tsakar gida cike da mata. Na zauna ina karɓar gaisuwa, ina kuma sauraron abin da kowace ke faɗa, don tun a hanya na ƙudurta zan rubuta. Wata tsohuwa da suka yi ƴanmatanci tare, wadda ta taso tun daga Gidan Amumune, ta ce, "To yau wa zai zage ni in ji daɗi?" Wata ta zame kallabinta ta nuna furfura, ta ce tun kitson aurenta hannu ɗaya ne ya san kanta. Wata matashiya ta ce ita har gobe tsoron Gwaggo take ji, don da kin motsa za ki ji tsinke a ƙeya. Aka yi ƴar dariya, kuka ya biyo baya, har liman ya aiko daga zaure a rage murya.

Mutum ɗaya ce ba ta ce komai ba, wato ƙanwata, autar ɗakinmu. Tana zaune a bakin ƙofar Gwaggo, ta ɗaure kallabi tamau, hannunta ɗaya a kansa. Na lura masu gaisuwa suna dafa kafaɗata, ita kuma daga tsaye suke ce mata sannu da haƙuri. Auta tana da farfaɗiya tun tana budurwa. An yi mata aiki a kai, ta samu sauƙi sosai, amma tun ranar da ta fara faɗuwa babu hannun da ya taɓa kanta a ƙauyenmu sai na Gwaggo. Kitson da ke ƙarƙashin kallabin nan shi ne na ƙarshe da Gwaggo ta yi a duniya. Zan dawo kansa. Bari in bi abin daki-daki, don ba na son a fara labari daga tsakiya.

Gwaggo makitsiya ce. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta ba su rayu ba, ta dawo gidan ƙanenta, mahaifinmu. Innarmu kuma ta rasu Auta tana goye, sai riƙonmu ya koma hannunta. Wurin aikinta inuwar itacen bedi, wato dogon yaro, da ke tsakar gida. Da hantsi za ta shimfiɗa tabarma, ta aje kujera ƴar tsugune, ta jera mataji da ƴar ƙwaryar man shanu a damanta. Tsinken kitso ba ta aje shi ƙasa, a cikin gashinta take soke shi, ta zaro in za ta yi tsaga, ta mayar. Ba ta fara kitso sai ta bi kan duka da yatsu, tana cewa, "Tsaya in ga ta inda gashin nan ke son kwanciya." Mace in ta kwantar da kai a cinyar makitsiya bakinta yakan buɗe, kuma Gwaggo ta ji asirin rabin ƙauyen, amma ban taɓa jin ta ɗauki magana daga tabarmar nan ta kai wani wuri ba.

Ta gwada koya mini. Ta ba ni kan wata yarinya, yarinyar ta yi ta ihu, sai ta karɓe tsinken ta ce, "Ke dai je ki riƙe allinki, ƴar lakwal. Hannunki na mai faskare ne." Haka kuwa aka yi, na zarce da lakwal, wato makarantar boko, na ƙare ina koyar da mata karatun manya a Tasawa. Wadda ta ɗauki hannunta kaɗan a gidan ita ce matar wanmu.

Auta ta fara faɗuwa a bakin rijiya. Mata suka watse suka bar gugansu, don a wurinmu an yarda cewa duk wanda kumfar bakin mai farfaɗiya ta taɓa, ya ɗauka. Baba ya ba da umurni a ware mata kwano da moɗa da tabarma. Matar wanmu, wadda girki ke hannunta, ta ɗaura jan zare a hannun moɗar don kada yara su yi kuskure. Ba zan ce mugunta ce ba. Ita matar wanmu ta taɓa binne ɗanta da zazzaɓi ya sa shi taune-taune a cinyarta, kuma tun daga nan ko kaza ta gani tana shure-shure sai ta bar wurin.

Gwaggo ta je suna wani ƙauye lokacin da aka yi wannan tsari. Da ta dawo ta ga jan zaren, ta ɗauki moɗar ta tsaya a tsakar gida.

"Wa ya ce a yi wannan?"

Baba ya fito daga turaka ya ce, "Ni ne, Yaya. Akwai yara a gidan."

"Ita wannan ɗiyar wa ce? Ta maƙwabta?"

"Yaya, cuta ce. Ki ji tsoron Allah."

"Da hannun nan na share maka majina, na wanke ka kana zawo, ban mutu ba. Yau kai za ka koya mini abin ƙyama?"

Ta ɗebi ruwa da moɗar ta shanye a gabansa. Da aka sauke tuwo ta ja kwanon Auta gabanta suka ci tare. Daminar nan duka ita da Baba ba su yi magana ba, ni ce ke kai gaisuwarsa ɗakinta da safe in dawo da amsa. Mata kuma suka janye daga inuwar bedi, don tsinken da ya shiga kan Auta shi zai shiga nasu. An ba ta shawara ta yi tsinke biyu, ta ƙi. Da salla ta matso wasu suka dawo, kowace da tsinkenta a ƙugu. Ta ce, "Ku mayar. Tsinkena ɗaya ne, kamar Ubangijina. Wadda ba ta so, ga ƙofa can." Da yawa suka kwanta, don babu mai hannunta a duk yankin.

An yi wa Auta rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta wurin masu cire iska, shekaru suna ta wucewa. Sau ɗaya ta faɗa kan murhu, tabon ƙunar yana damtsenta har yau. A hankali kuma wasu mata masu irin ciwonta daga ƙauyukan kewaye suka riƙa zuwa wurin Gwaggo kitso, don makitsansu sun ƙi su.

Wata shekara da rani majo, wato shugaban likitar Korgom, ɗan asibitin yankinmu, ya aiko da saƙo, cewa wasu lokotorori, manyan masana magani daga Yamai, masu binciken ciwon ƙwaƙwalwa za su sauka Tasawa, suna neman masu farfaɗiya. Gidaje da yawa suka ɓoye nasu. Gwaggo ta bi matan nan gida-gida ta roƙi mazajensu da iyayensu, ta tara waɗanda aka bari.

A nan ta yi kuskuren da har ta rasu ba ta so a tuna mata. A wurinmu mace ba ta shiga gari gaban manyan mutane da tsohon kitso. Saboda haka ranar jajiberin tafiya Gwaggo ta wuni a inuwar bedi, ta yi wa kowace kitso ƙanana matsattsu irin na amare, ta shafe su da man shanu har suna ƙyalli. Suka hau amalanke zuwa Korgom, suka shiga mota, suka sauka gidana. Da safe na raka su likita, Gwaggo a gaba, tana tafe tana waiwayen aikinta.

Wadda ta tarbe mu lokotoro ce mace, matashiya, Hausarta da ɗan gargada. Ta ce a zame kallabi. Da ta ga kawunan sai ta dafe nata kan. Ta yi bayani cewa na'urarsu wayoyi ne da ake mannawa a fatar kai don a ga yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Mai yana hana su kamawa, kitso kuma yana tare wurin. Dole a tsefe, a wanke da sabuni, kada a shafa komai. Ashe tun farko an faɗi haka, saƙon ne ya bi baki da yawa ya zubar da rabinsa a hanya.

Gwaggo ta dubi kawunan ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, "Duka?"

"Duka, Inna. Ki yi haƙuri. Wallahi ya yi kyau."

"Na san ya yi kyau. Ba shi na tambaye ki ba."

Ta zauna a barandar likita ta zaro tsinke, ta shiga warware aikin wuni guda, tana mita ƙasa-ƙasa. Ni na nemo bokiti da sabuni. Masu jinya suka kewaye mu suna kallo, ta ɗaga kai ta ce musu, "Ba a taɓa tsifa a garinku ba?"

Da aka gama sai wata matsala ta taso. Matan suka ga wayoyi da allon na'ura suka ja da baya, wai za a sa musu wutar lantarki a kai. Lokotoron ta zaunar da mu. Ta ce babu abin da ke shiga kai, na'urar saurare kawai take. Ta ce wannan bincike ne, ba ta yi alkawarin kowa zai warke ba, wadda ba ta so tana iya tafiya kuma za a duba ta kamar kowa. Ta ƙara da cewa suna neman masu lafiya su ma, don a gwada nasu da na marasa lafiya a ga bambanci.

Gwaggo ta ce, "Wato ba ku gama sanin ciwon ba?"

"Ba mu gama ba, Inna. Shi ya kawo mu."

"To madalla. Duk inda muka je sun gama sani, ga mu nan har yau."

Ta kwance kallabinta, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban baƙo ba, ta tsefe nata kitson da kanta, ta ce a fara da ita. Aka manna mata wayoyin a cikin furfura. Aka ce ta rufe ido, ta rufe. Aka ce ta yi dogon numfashi, ta yi. Da aka gama aka nuna mata layukan da suka fito a allon, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ashe ta ciki ma tsaga-tsaga ne. Amma wanda ya yi wannan hannunsa na rawa." Matan suka fashe da dariya, Auta ta tashi ta hau gadon.

Ranar ne lokotoron ta faɗa a fili cewa farfaɗiya ba a ɗaukarta, ko ta miyau ko ta kwano. Gwaggo ta nuna ni ta ce, "Ƙara faɗa da ƙarfi, ƴar lakwal ta kai gida. Ni sun ce taurin kai ne." Na kai. An saurare ni, amma jan zaren bai bar moɗar ba.

Sauran matan an ɗora su kan ƙwayoyi. Wasu sun samu sauƙi, wata ba ta samu ba, wata kuma mijinta ya hana ta komawa. Na Auta daban ne. Layukanta sun nuna matsala a gefe ɗaya, aka tura mu Yamai aka ɗauki hoton cikin kai, aka ga wani ƙari kamar ɗan aduwa a saman kunnen hagu. Suka ce ana iya cire shi. Ba su ɓoye mana ba cewa aikin yana iya taɓa maganarta, yana kuma iya zama ajali.

Baba ya tsufa a lokacin. Ya ce kan ɗan Adam ba ƙwarya ba ce da za a fafe. Ya dubi Gwaggo ya ce, "Yaya, in ta mutu a can fa?"

Gwaggo ta ja hannun rigar Auta ta nuna tabon ƙuna. "In ta ƙara faɗawa wuta a nan fa?"

Auta, wadda ba ta cika magana a gaban Baba ba, ta ce, "Baba, kaina ne. Na gaji. Ka sa mini albarka kawai."

Baba ya tashi ya shige turaka. Ranar tafiya da safe, muna ɗora kaya a amalanke, ya fito ya ce ƙishirwa yake ji. Matar wanmu ta nufi randa, ya ce a'a, a ba shi waccan mai zaren. Ya sha, ya aje, ya yi addu'a ya koma ciki. Wannan ne sulhunsa da yayarsa, kuma ba su sake tada maganar ba har ya rasu.

A Yamai, kafin a shiga da Auta, Gwaggo ta tambayi lokotoron da zai yi aikin ta ina zai yanka. Ya zana mata da biro. Aka aske wurin, ita kuma ta kitse sauran gashin ta kawar da shi gefe. Muka zauna a waje tana jan carbi. Da Auta ta farfaɗo, kalmar farko da ta faɗa ita ce "Gwaggo", ita kuwa ta ce, "To, bakin yana nan. Alhamdu lillahi."

Tabon ya fito kamar lauje. Da gashi ya tofo, Gwaggo ta ƙirƙiro wani kitso da ban taɓa gani ba. Ba ta bari tsaga ta hau kan tabon, sai ta karkato layukan su rufe shi, kuma in ta iso wurin takan sassauta hannu. Kitson ya yi kyau har ƴanmatan ƙauye suka riƙa zuwa suna cewa a yi musu irin na Auta, alhali ba za su ci kwano ɗaya da ita ba. Gwaggo takan yi musu, tana murmushin da ba ta bayyana dalilinsa.

Ba zan ce Auta ta warke sarai ba. Takan faɗi jefi-jefi, kuma tana shan ƙwaya safe da yamma. Masu binciken suna bin waɗanda aka yi wa aiki don su san yadda suke ƙarewa bayan shekaru, saboda haka kowace shekara akwai randebu, wato ranar komawa a duba ta, a Tasawa, inda ake sake manna wayoyin a kuma daidaita mata magani. Tsarin bai taɓa canzawa ba. Gwaggo ta tsefe, ta wanke ba mai, su je, su dawo, ta kitse. Takan ce wa lokotoron, "Kin gani, na koyi darasi."

Yanzu na dawo kan kitson ƙarshe. Bayan sadakar bakwai aka bugo waya cewa randebun bana ya faɗo jim kaɗan bayan arba'in. Auta ta ce ba za ta je ba.

Na ce, "Maganinki fa? Wa zai duba shi?"

Ta ce, "In na tsefe, shi ke nan, babu sauran hannunta a jikina. Kuma wa zai mayar? Ke?"

Na ce zan kai ta wurin makitsiya a Tasawa.

"Ta ga tabo ta tambaya, in yi mata ƙarya? To wata mai zuwa fa, da na bayansa? A nan nake zaune, Yaya, ba a Tasawa ba."

Na waiwaya. Matar wanmu tana bakin murhu, ta ji mu sarai, ba ta juyo ba.

Na koma aiki, na dawo ranar arba'in. Kitson ya tsufa, ya yi buzu-buzu, Auta tana nan kan bakanta. Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarmar Gwaggo a inuwar bedi, na aje kujerar, na jera mataji da ƙwaryar a dama yadda take yi. Na ce wa Auta kitso bai fi ranta ba, kuma da Gwaggo na nan da ta sha tsinke a ƙeya. Ta zo ta zauna tana hawaye, ta kwance kallabi. Na ɗauki tsinken, na kama jelar farko na ja, ta ce wash.

"Matsa, Malama. Za ki tsinke mata gashi."

Matar wanmu ce tsaye a kanmu tana goge hannu da zanenta. Na tashi na ba ta kujerar. Ta zauna, ta daɗe tana kallon kan. Ta yi bisimilla ta ja kan Auta ta kwantar a cinyarta.

Tsifar da ake gamawa kafin ruwa ya tafasa, ita ta kai har azahar. Takan warware kaɗan ta tsaya ta duba, wani lokaci ta mayar ta sake warwarewa. Na ce mata rana na yi.

Ta ce, "Bar ni. In ban ga yadda ta ɗora ba, ta yaya zan mayar?"

Da ta iso saman kunnen hagu sai ta tsaya cak. Auta ta ɗago hannu ta kama yatsanta ta ɗora a kan tabon, ta bi da shi daga farko har ƙarshe.

"Nan. A nan take sassautawa."

"Yana ciwo?"

"A'a. Sai in an ja."

Ta wanke kan da sabuni, ba ta shafa mai ba. Muka je Tasawa aka manna wayoyin. Lokotoron da ta ji rasuwar ta aje abin da ke hannunta ta yi addu'a, ta ce layukan kan Gwaggo suna nan cikin waɗanda suke gwada na marasa lafiya da su.

Ranar da muka dawo matar wanmu ta kitse. Auta ta shafa ta ce, "Ya karkace."

"To uwar iyayi. Wata mai zuwa ya miƙe."

Ta tattara mataji da ƙwarya, ta miƙe za ta duba tukunya. Tsinken kuwa ta soke shi a cikin gashinta, ta wuce madafa.

Allah shi jiƙan Gwaggo, shi sassauta mata kabarinta yadda ta riƙa sassauta hannu a inda ke da tabo. Shi jiƙan Baba da Inna, mu kuma shi kyautata namu ƙarshen. Amin.